Injin Ɗan Fari

Madarumfa, 6 ga Afrilu 1996

Zuwa ga uwargidana Hafsatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya Damagaram, yaya baƙunta? Yaya jikin ɗiyarmu Jamila, ɗinkin ya fara kamewa? Ki gaishe da mijinta, ki kuma gaya wa amaryata jaririya angonta tsoho yana nan yana jira, kada ta ga samarin birni ta canza shawara.

Gida lafiya lau, sai zafi. Tabki ya ja baya sosai, masu lambu suna bin shi da shuka. Ƙanwata Lami tana aiko mini da tuwo safe da yamma, amma ba zan ɓoye miki ba, miyarta ba ta kama ƙafar taki ba. Kada ki faɗa mata.

Akwai abin da ya hana ni sukuni, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Na gode Allah da na koya miki karatu da hannuna tun zamanin yaƙi da jahilci, ga ranarsa ta zo, ba sai wani ya karanta miki sirrina ba. Maganar injin nan ce mai ƙwaƙwalwa, odinatar, wanda yaron nan Ɗan Baba ya bari a ɗakina da za a tura shi Difa koyarwa. Kin tuna ta bakin Jamila ya ba ni saƙon, tunda ɗan fari ne, ni da shi ba ma doguwar magana: in riƙa kunna shi duk Jumma'a ya ɗan yi aiki, in kashe, in rufe da zane. Ban taɓa fashi ba. Da ma in na kunna sai ya yi gurnani, ya yi ƙara sau ɗaya, sunan yaron ya fito a gilashi. Jumma'ar da ta wuce kuwa sai ya yi ƙara biyu, ya jero mini Ingilishi, ya tsaya cak. Na kashe na kunna har na ji tsoron kada in ƙona shi. Ni da na yi shekaru ina koyar da Faransanci a lakwal, makarantar boko, ga ni zaune gaban rubutu kamar baƙauyen da aka miƙa wa jarida.

Ke kullum akwatin tara ƙura kike ce masa, to bari in tuna miki abin da ke ciki. Littafinsa ne na ƙare jami'a, wanda zai kare gaban malamansa a Yamai bayan damina, a kan tabkinmu da masuntansa. Kusan duk abin da ke ciki daga bakin Kawu, tsohon masuncin nan, ya fito. Kaset ɗin da yake ɗaukar muryar tsohon ba su da yawa, in ya juye maganar cikin inji sai ya sake ɗauka a kansu. Ramin disket kuma, inda ake sa ɗan faifan kwashe rubutu, a mace injin ya zo da shi tun daga ofishin da suka gaji da shi suka bar masa, ya ce sai ya samo wani sannan ya fitar da kwafi. Kawu kuwa bara muka rufe shi. Ke nan duk duniya babu inda maganarsa ta rage sai cikin akwatin nan da ya ƙi tashi.

Kin san ni ma da guminta a aikin. Kunnen Kawu ya yi nauyi, muryata kaɗai yake ganewa, sai mu zauna mu uku a zaurensa, yaron ya yi tambaya yana kallon tabarma, ni in ɗaga murya in maimaita, tsohon ya ba da amsa. Sunayen kifi, saƙar koma, dokokin ruwa, wane ya haifi wane cikin masunta, duk ina zaune aka yi. Abu ɗaya ne ban zauna ba. In ya zo kan waƙarsa ta buɗe ruwa, wadda yake kiran abubuwansa na cikin tabki, sai in ɗauki butata in fita, ba na dawowa sai ya gama. Ɗan'uwan uwata ne, a bayansa na koyi iyo, amma har ya koma bai taɓa sa goshinsa ƙasa ba, ni kuwa ba zan zauna ana kiran wanin Allah ba.

Yanzu ga tambayata, kuma ki ji tsoron Allah ki faɗa mini gaskiya. Ina littafin injin? Wani mai kauri, mai baƙin bango, da Ingilishi da zane-zane, wanda yaron ya ajiye a kansa. Na birkice ɗakin nan har ƙarƙashin gado ban gan shi ba. Na san hannunki da shara, duk takardar da ba ta Alƙur'ani ba a wurinki datti ce.

Kada Jamila ta ji wannan magana, don in ta ji Difa ta ji. Zan gyara abina kafin ya zo hutu, ba sai ya san an yi ba.

Ki huta lafiya. Ni ne mijinki,
Abdurrahman

Madarumfa, 19 ga Afrilu 1996

Zuwa ga Hafsatu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Takardarki ta iso ta hannun shofer ɗin kar, direban motar fasinja, na ji daɗi da Jamila ta fara takawa har tsakar gida. Allah ya ƙara sauƙi, ya raya amaryata. Ki gaishe da surukanmu duka.

To, na karɓi faɗa. Kin yi gaskiya, ni ne. Da na karanta sai abin ya faɗo mini: ranar da Lantana mai suyar kifi ta zo neman tsofaffin takardu na naɗe kifi, ni na tattara jaridu da kwafin jarrabawar yara na cika mata kwando, kina tsaye kina cewa in duba. Ki yafe mini zargin da na yi miki. Amma ba sai kin ja layi biyu ƙarƙashin maganar ba, na gani tun da layi ɗaya.

Shawararki ta biyu ce ba zan iya ba. Kin ce in rubuta masa in tambaye shi. Haba Hafsatu, ke ce da faɗin haka? Ke da ko hanya kuka haɗu sai kin kau da kai? Tun da aka haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, ga shi ɗan fari, ga shi sunan mahaifina gare shi. Ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba, ko da ya ci jarrabawa a bakin mutane ya ji na yi murna. Yanzu takardata ta farko zuwa gare shi ta zama ta cewa ya taimake ni, amanar da ya ba ni ta lalace a hannuna? Mahaifina har ya rasu bai taɓa tambaya ta ko ƙarfe nawa ba, gara ya fita ya dubi rana. Haka muka taso, ba girman kai ba ne.

Na je wurin Lantana bakin kasuwa. Baiwar Allah ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin, ta ce littafin ya daɗe da bin cikin matafiya, takardarsa ma ta fi ta jarida riƙe mai. Ta zazzage kwandonta muka samu shafi ɗaya tak, ya sha mai har ana ganin hannu ta bayansa. Ina dubawa sai ga zanen cikin injin, da wasu ƴan makunnai jere da kibiyoyi, wannan sama wannan ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, Allah ya bar mini wanda nake bukata.

Na kira Garba mai gyaran rediyo ya zo da turnabis ɗinsa na kwance ƙusa muka buɗe bayan injin. Ciki wani allo ne kore kamar an zana unguwanni, ga ƴan makunnan nan kuwa ƙanana kamar haƙoran tarwaɗa. Garba ya ce mu fara zana yadda muka same su a takarda kafin mu taɓa. Na ce ga zane a hannuna, wane zane kuma? Na sa bakin allura na mai da su yadda shafin Lantana ya nuna. Muna kunnawa gilashi ya yi baƙi ƙirin, injin ya kama kuka ba tsayawa kamar ɗan akuyar da aka ɗaure uwarsa. Ashe shafin wani abu dabam yake bayani, rabin bayanin kuma yana shafi na gaba, wanda Allah kaɗai ya san wanda ya ci kifi a cikinsa. Kwana da kwanaki muka yi muna ɗaga wannan muna sauke wancan kafin Ingilishin nan na farko ya dawo. Ban taɓa zaton zan yi murnar ganinsa ba.

Garba ne ya gano wani ɗan pil, wato batir, a gefen allon, ya yi tsatsa ya fitar da farin gari. Ya ce a ganinsa shi ke riƙe wa injin tunaninsa in an kashe kuran, wato lantarki, da ya mutu sai injin ya manta ko shi wane ne. Ya haɗa pil na rediyo da waya ya ɗaure da roba. Yanzu in an danna wani maɓalli sai shafi mai launi ya buɗe, yana neman a faɗa masa kwanan wata da lokaci da wasu abubuwa. Kwanan wata na ba shi, ya karɓa ba musu. Kin ga an kama hanya.

Na ji ana cewa malaman Difa za su samu hutun Babbar Sallah, kuma na san Damagaram ta fi masa kusa da nan. In ya zo ya tambaya, a ce masa inji lafiya lau. Ba ƙarya za ki yi ba, kafin Sallah zai zama lafiya lau in sha Allahu.

Mijinki,
Abdurrahman

Madarumfa, 3 ga Mayu 1996

Uwargida Hafsatu,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina gaishe ki, ina gaishe da masu jego. Ragon bana bai yi kitse ba, amma na sa Lami ta soya miki rabonki, yana cikin gwangwanin da shofer zai ba ki.

Na ga bayaninki. Kin ce ya zo ya kwana biyu, ya rame amma lafiyarsa lau, kuma tun kafin ya sha ruwa ya tambayi Jamila ko an ji labarin injinsa, ita kuma ta juyo gare ki, kika ce lafiya lau kina kallon ƙasa. Kin ce tuwon ranar bai wuce miki ba. Na gode, kin rufa mini asiri, kuma ki kwantar da hankalinki don albishir nake tafe da shi.

Abin da injin ke nema ashe shi ne a faɗa masa wane irin faifai ne a cikinsa, wato inda yake ajiye rubutu. Ya jero iri-iri a shafin nan, kowane da lambarsa, sun haura arba'in. Na ce wannan ai aikin mai tarin makullai ne, a yi ta gwadawa har ƙofa ta buɗe. Sai in zaɓi lamba, in kashe, in kunna, in jira, ya ƙi, in koma ta gaba. Garba ya gaji ya koma shagonsa, ya ce shi iyakar saninsa waya da pil, in bar abin haka har mai shi ya zo. Na bi su kaf. Layi na ƙarshe kaɗai na tsallake, don shi babu komai a gabansa, fili ne kawai. Duk sun ƙi, sai dai akwai wata lamba da in na sa ta ƴar fitilar gaban injin takan yi ƙyafta-ƙyafta, a ji faifan yana motsi kamar zai tashi, sannan ya fasa. Na bar shi a kanta.

Shekaranjiya ina lalube sai na faɗa wani shafi da ban taɓa buɗewa ba, shi ma maganar faifan yake. Na danna layin farko, ya yi mini tambaya, na ga har da jan rubutu. Na tuna lokacin da nake satar kallon yaron ta taga yana aiki, duk sanda injin ya yi tambaya harafi ɗaya yake dannawa, abu ya wuce. Na yi bisimilla na danna shi. Ya sake tambaya, na sake dannawa.

Hafsatu, sai ga inji ya kama aiki! Fitila ta kama ba ƙyaftawa, lambobi suna ta hawa a gilashi ɗaya bayan ɗaya, faifai yana ƙara mai daɗi kamar keken ɗinki. Tun bayan azahar har na dawo la'asar yana yi, ni kuwa ina zaune ina yi masa fifita saboda zafi, ina roƙon Allah kada a ɗauke kuran. Da ya gama na kashe na kunna. Ƙara ɗaya ya yi, irin ta da. Dogon Ingilishin nan ya tafi, saura ɗan gajeren layi guda. Sunan yaron bai fito ba tukuna, amma na san saura ƙiris. Na kwafe layin a takarda harafi bayan harafi, ranar Litinin zan shiga Maraɗi in nuna wa masu irin wannan aiki su faɗa mini maɓallin da ya rage.

Kin ga da na bi taki da na zubar da girmana a banza. In kin dawo sai ki riƙa ce mini injiniya.

Naki har kullum,
Abdurrahman

Madarumfa, 7 ga Mayu 1996

Hafsatu,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki yaga takardar da na aiko miki ranar Jumma'a.

Na je Maraɗi. Kusa da babbar kasuwa akwai wata mata, Madam Maimuna, mai shagon buga takardu da irin waɗannan injuna. Na nuna mata layin, ta ce yana cewa bai samu komai a faifan ba. Ta sa na ba ta labari tun daga farko. Da na zo kan jan rubutun nan da lambobin da suka yi ta hawa sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce jan rubutun gargaɗi ne, injin yana faɗa mini duk abin da ke ciki zai tafi, ya tambaye ni har sau biyu ko na yarda, na ce na yarda. Aikin da na zauna ina yi wa fifita, shara ce yake yi. Ta ce kafin ranar ko harafi ɗaya bai ɓata ba, rubutun yana nan kwance, injin hanyar zuwa wurinsa kawai ya manta. Na tambaye ta ko a Yamai ko Kano akwai mai iya dawo da shi. Ta ce irin wannan sharar ba ta barin komai.

Sai ta tambaye ni injin na wane ne. Na ce na yaron gidana ne. Ta ce yana raye? Na ce yana Difa. Ta dube ni ta ce to me ya hana a tambaye shi? Ƴar cikina ce a shekaru. Na yi mata godiya na fito, na wuce tashar Madarumfa ban sani ba sai da na kai bakin gulbi.

Garin neman gira na rasa ido. Da na bar shi rufe da zanensa kamar yadda Garba ya ce, da yanzu Kawu yana nan ciki. Abin da ya fi ci mini rai, ranar da yaron yake zaune gabanki yana tambaya, komai nasa yana nan lafiya. Ni na sa ki rufe bakinki, na sa ki yi masa ƙarya ranar Sallah. Wannan nauyin nawa ne, ba naki ba, ki yafe mini.

Na rubuta masa. Takardar da na ce ba zan iya ba, yau da safe na kai ta gidan waya da hannuna. Ba ta fi layi biyar ba, kuma ba ta yi mini wuyar da na zata ba. Da wata guda da ya wuce na rubuta ta, da tambaya ce. Yanzu ta zama ta'aziyya.

Ki sa ni a addu'a.
Abdurrahman

Madarumfa, 28 ga Yuni 1996

Zuwa ga uwargidana Hafsatu,

Bayan gaisuwa da begen ganinki, ina fata kuna lafiya, ke da Jamila da amaryata. Na ji likita ya ce nan da mako biyu za ki iya tahowa, Allah ya kawo ki lafiya. An yi ruwa mai kyau, mun yi shuka, gero har ya fara tsirowa a gonar hanyar Safo. Ki yafe mini shirun da na yi, ban san abin da zan rubuta ba sai yanzu.

Bai amsa takardata ba, sai ganinsa na yi ranar da aka ba su hutu, da jakarsa a kafaɗa. Ya durƙusa daga bakin zaure ya gaishe ni kamar kullum, na amsa ina kallon gefe kamar kullum. Ya ci abinci wurin Lami, sannan ya shiga ɗakin. Na kasa zama, na bi shi na tsaya bakin ƙofa. A jakarsa har da ramin disket ɗin da ya ce zai samo, sabo a leda, ya ajiye shi kan tebur.

Ya kunna, ya buɗe shafin nan mai launi, ya gangara kai tsaye zuwa layin ƙarshe, wanda na tsallake don babu komai a gabansa. Ashe fili ne aka bari don mutum ya cika da hannunsa. Ya buga ƴan lambobi daga ka, ko tunani bai tsaya yi ba, abin bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Su ke nan abin da injin yake roƙo tun watan Afrilu. Ya kashe, ya ɗaura sabon ramin, ya kunna, ya gwada wasu dabaru da disket ɗin da ya zo da su har rana ta karkata. Babu komai.

Na so ya yi faɗa, wallahi na so. Na so ya ɗaga murya ko sau ɗaya in samu abin riƙewa. Sai ya juyo, bai dube ni ba, ya ce, "Ba komai, Baba. Ni ne ban bar lambobin a rubuce ba." Kunyar da na ji tasa na ƙi tambaya, ita ya ji tawa ya ɗauke mini laifin. Mu muka koya masa, ya kuwa koya da kyau.

Washegari ya ɗauki manyetonsa na ɗaukar murya ya zaga tabki. Kwana uku yana yawo ƙauye-ƙauye. Masunta sun karɓe shi hannu biyu, amma sa'o'in Kawu duk sun tafi, na yanzu kuma su ce maka ai wannan sai Kawu. Jami'a ta ce in bai kawo littafin bana ba sai baɗi, wannan ma a bakin Lami na ji. Ina ganinsa yana dawowa da yamma da laka a ƙafa, ya wuce ɗaki.

Rana ta huɗu na ɗauki tabarmata na shiga ɗakin na shimfiɗa kusa da kujerarsa. Ya miƙe zai ba ni wuri, na ce ya zauna. Na ce masa duk tambayar da ya yi wa Kawu ta bakina ta bi, duk amsar da Kawu ya bayar a kunnena ta fara sauka, ya buɗe injinsa ya tambaye ni. Hafsatu, tun da aka haifi yaron nan ban taɓa zama da shi mu biyu a ɗaki ɗaya ba. Da farko tabarma yake tambaya, ni kuma ina ba bango amsa. Yanzu mun kai in na yi kuskure yakan ce a'a Baba, ba haka ya ce ba, har mu yi gardama. Ashe yana da ban dariya, ashe in yana tunani yakan ja kunnensa kamar mahaifina. Shekara nawa yana gidana ban sani ba. Duk yamma yana juye abin da muka yi a disket biyu, ɗaya ya ba Lami ajiya, lambobin kuma ya rubuta su da fenti a jikin injin.

Mun dawo da abu mai yawa. Sunayen kifi sun dawo, da dokokin ruwa, da yawancin zuriyar masunta, ko da yake maganar Kawu tana da gishirin da tawa ba ta da shi. Ya ce zai isa littafi, sai dai ba wancan ba.

Jiya muka iso babin da ya ce shi ne zuciyar aikin, wanda malaminsa ya fi so ya gani: waƙar buɗe ruwa. Ya ce Kawu ya gaya masa daga kakansa ya karɓe ta, kuma ba wanda ya zo ya karɓa daga gare shi, shi ya sa ya yarda a ɗauka. Yaron yana tuna ƴan baitoci daga farko da amshin, saura sun bi faifai, don doguwa ce ƙwarai. Ya buga kan babin, ya ɗora yatsunsa a kan maɓallai, ya juyo ya dube ni, karo na farko ido cikin ido, yana jira.

Na rufe ido na koma zauren Kawu. Ga tsohon ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya buɗe baki. Daga nan abin da nake ji kawai ƙarar takalmina ne da ruwan buta yana zuba a bayan katanga. Ban ce na yi kuskure da na tsare addinina ba, Allah ya sani. Amma tsohon nan da ya goya ni cikin ruwa ya rera abin da ya fi ƙauna a duniya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, taku kaɗan tsakanina da shi, kuma wuri ɗaya da aka adana shi ni na share da yatsana.

Na faɗa wa yaron gaskiya. Ya gyaɗa kai, ya bar shafin fari, ya wuce babi na gaba, ya ce a bar shi haka ko wata rana wani abu zai faɗo mini. Na ce to. Amma ke zan faɗa miki, ba abin da zai faɗo, don mutum ba ya tuna abin da bai tsaya ya ji ba.

Ki taho da wuri, gidan ya yi mini girma. In kin zo ki daure ki zauna da mu ko sau ɗaya, ki ji yadda ɗanki yake magana.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ni ne mijinki mai begenki,
Abdurrahman